Faranti Mai Bakin Zinare

Direba bai taɓa jin tsoron hanya ba, amma ranar nan wani farin akwati da ke kan kanta ya tsorata shi. Maikirowef ne, injin dafa abinci da lantarki, kuma shi ne dukan kicin ɗinsa. Tun da gobara ta taɓa tashi a benen da yake haya, mai gida ya hana gas, ya hana risho, ya hana duk abin da ke da harshen wuta. Wanda ba zai iya ba ya kwashe kayansa.

Shekara ta kusa zagayowa da rasuwar matarsa. 'Yarsu ɗaya tilo, wadda suke kira Tsuntsuwa saboda cin abincinta na tsince-tsince, tana hannun yayar marigayiyar tun daga lokacin. Duk sanda ya ce a ba shi 'yarsa, amsar Yaya ba ta sauyawa: "Me za ka ba ta ta ci? Burodi da shayin tasha?" Da ya ishe ta da naci, ta ce za ta kawo yarinyar ranar hutunsa. Ya dafa da hannunsa, ta gani da idonta. In yarinya ta ci, ta zauna wurin ubanta. In ba ta ci ba, kada ya ƙara tayar da maganar.

Mugun sharaɗi ne, kuma Yaya ta sani sarai. Yarinyar da ko a gidanta sai an haɗa lallashi da barazana take haɗiye loma biyu!

Wurin matar da ke dafa wa ma'aikata abinci a garejinsu ya je koyo. Ta yi masa dariya har da riƙe ciki, sannan ta koya masa. Yanka komai daidai wa daida. Rufe kwano amma ka bar wa tururi hanya. In an yi rabi, buɗe ka juya. In injin ya yi ƙara ya tsaya, kada ka yi rawar jiki, bar abincin ya huta, zafin ya ratsa. Ya ƙona kaza har ta koma kamar tafin takalmi, ya ci shinkafa mai tauri kamar tsakuwa, har hannunsa ya faɗa.

Yau komai ya yi kyau: shinkafa, kaza da karas da dankali a kwanon gilashi. Sai dai baƙin sun makara, abinci ya huce, dole ya sa a firji. Da suka shigo, Yaya ta ƙare wa ɗakin kallo sama da ƙasa, ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya, irin zaman wanda bai zo daɗewa ba. Tsuntsuwa ta laɓe a jikinta. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, sai da zuciyarsa ta karye.

"Ina abincin?" in ji Yaya.

"Ɗumamawa kawai ya rage, Yaya."

A nan ne dabara ta zo masa, irin dabarar da gara ba ta zo ba. Ya durƙusa ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado, ya ciro farantin tangaran na matarsa, fari mai zaren zinare a baki. A cikinsa take zuba wa yarinyar abinci da. Bai taɓa shi ba tun da ta rasu. Ya goge shi da kyau, ya zuba abinci, ya sa a injin, ya danna.

Tas! Tas! Shuɗin tartsatsi ya zagaye bakin farantin kamar walƙiya. Tsuntsuwa ta ƙwalla ƙara. Fitila ta ɗauke, fanka ta tsaya, ƙauri ya cika ɗakin.

An gaya masa kada cokali ya shiga, kada kwanon ƙarfe ya shiga. Amma wa zai ce ɗan zaren ado a bakin faranti shi ma ƙarfe ne? Ya zare filogi, ya buɗe ƙofar, ya ciro farantin da tsumma. Gefe guda na zinaren ya ƙone ya yi baƙi ƙirin.

Yaya ta miƙe.

"Farantin ƙanwata ne wannan? Ni na saya mata shi! Shi ka ƙona? Yau faranti, gobe yarinya. Tashi mu tafi."

Ta kama hannun Tsuntsuwa ta ja. Yarinyar ta cije. Idonta na kan farantin.

"Inna, na Mama ne," ta ce a hankali. "Ina jin yunwa."

Yaya ta kalle ta kamar ba ta taɓa ganinta ba, domin rabon da kalmar yunwa ta fito daga bakin yarinyar nan tun uwarta na da rai. Ba ta zauna ba, ba ta kuma saki hannun ba.

"Abincin sanyi ƙalau ne daga firji," ta ce wa Direba. "Ba za ta ci kaza mai sanyi a gabana ba. Ina tsaye. In abin ya mutu, ya mutu."

Ya fita da sauri zuwa akwatin wutar da ke bayan ƙofa. Maɓalli ɗaya ya faɗi. Ya ɗaga shi, fitila ta kawo. Ya dawo ya leƙa cikin injin: babu ƙuna a bango, babu abin da ya narke. Ya goge ciki, ya juye abincin a kwanon gilashi, ya mai da filogi, ya danna.

Ko uffan. Lambobin na haske, amma injin ya yi masa kunnen ƙashi.

Ya sake dannawa. Yaya ta gyara zaman jakarta a kafaɗa, ƙarar zif ɗin ta shiga masa har ƙashi. Kai, Direba, nutsu! Mota ma in ta ƙi tashi ba injin ake fara kwancewa ba. Akwai wuta, tunda ga haske. To ƙofa fa? Ya buɗe. Ashe da ya fizgo farantin, gilashin da ke juyawa a ƙasa ya goce daga mazauninsa, ya tokare ƙofar kaɗan. Ya ɗaga shi, ya daidaita zoben tayoyin da ke ƙarƙashinsa, ya zaunar da shi har ya ji ya shiga. Ya tura ƙofa, ta ce ƙas. Ya danna, injin ya ɗauki gurnani, kwano ya fara zagayawa.

Da ya tsaya, tururi na tashi, ƙamshi ya kori ƙauri. Yaya ta miƙo hannu. "Kawo."

"Tukuna, Yaya."

Ya soka cokali tsakiyar kwanon, ya ɗanɗana. Gefe na ƙuna, tsakiya sanyi. Abin da ya ji tsoro ke nan. Ya san cewa in ya miƙa haka babu wanda zai lura sai loma ta shiga baki, ya kuma san cewa yunwar Tsuntsuwa ba ta daɗewa, tana iya tashi kamar yadda ta sauka.

"Wasa kake da mu?" in ji Yaya. "Ta ce tana jin yunwa, kana tsaye kana ɗanɗane-ɗanɗane!"

"Tsakiyar bai yi ba. Ba zan ba ta ba."

Ya juya abincin, ya tura shi gefe-gefe ya bar rami a tsakiya, ya yayyafa ruwa kaɗan, ya rufe, ya mayar. Da injin ya sake tsayawa, sai ya harɗe hannuwa ya ƙi buɗe murfin. Wannan jiran ya fi komai wuya. Yarinyar ta fara wasa da igiyar takalminta, Yaya ta yi tsaki, shi kuwa kamar ya fashe da kuka.

Ya buɗe, ya sake ɗanɗana tsakiya. Zafi ya ratsa ko'ina. Ya wanke farantin mai bakin zinare, ya zuba, ya fifita da murfi, ya ajiye a kan tebur da ƙunar ta baya, don kada ta gani.

Tsuntsuwa ta hau kujera. Ta juyo da farantin har baƙin gefen ya dawo gabanta, ta shafa shi da yatsa. Ta ɗauki cokali. Ta tsince karas ɗaya. Ta tsince wani. Sannan ta cika cokalin da shinkafa, ta sake cikawa, ba ta ɗago kai ba.

Yaya ta juya musu baya, ta daɗe tana kallon bango. Can ta buɗe jaka, ta ciro buroshin haƙori da rigar barci da 'yar kwalbar maganin tari, ashe tun daga gida suna ciki. Ta jibge su a kan maikirowef ɗin, daidai kan ramukan da yake shan iska.

"Cokali ɗaya in za ta kwanta," ta ce. "Kuma ba ta son a rufe ƙofa."

An gargaɗe shi kada a taɓa toshe ramukan nan. Amma ya bar kayan a wurin har Yaya ta sauka daga benen.