Babur ɗin Baba Harold Ya Sha Gyara

Trevor Ormerod mutum ne da ba ya iya ganin tsatsa ya bar ta. Ko cokalin shayi ya samu sai ya goge shi ya kalli fuskarsa a ciki. To wannan ne fa aka bar wa ajiyar babur ɗin da mahaifinsa, Harold, ya yi tsere da shi a tsibirin Man tun yana saurayi.

Harold yanzu ya tsufa tukuf, a keken guragu ake tura shi. Burinsa ɗaya ya rage a duniya: a sa babur ɗinsa cikin jerin tsofaffin baburan tsere da za su zaga tsibirin a bana, ya zauna bakin hanya ya ji ƙararsa. Likita ya ce kada a sa rai zai kai baɗi. Amma ba a shiga jerin sai alƙaliyar ƙungiyar masu shirya shi ta tabbatar babur ya taɓa tsere da gaske.

Shi ya sa Trevor ya kulle kansa a gareji duk lokacin sanyi yana gyaran babur ɗin, wai zai ba tsoho mamaki. Ya kuwa ba shi.

Ranar dubawa, a filin baje koli na garin Clitheroe, ana yayyafi kamar kullum, Trevor ya yaye mayafin babur yana wani ɗaga hanci. Kai, ƙyalli! Mutane suka taru suna ta sannu da aiki.

Beryl Thwaite, alƙaliyar, ta iso da kofin shayi da wani tsohon hoton Harold a kan babur ɗin, ranar tseren. Matar nan ta tsufa tana dudduba baburan maƙaryata, ba a burge ta da fenti. Ta tsuguna, ta shafa kusoshin inji, ta dubi hoton.

"Trevor, ina hujin kusoshin nan?"

"Na sauya su. Duk a huje suke, kamar gara ta ci."

"Gara! 'Yan tsere ke huda su, su zura waya su ɗaure, don kada girgiza ta kwance su. Wannan tankin fa? Na cikin hoto babba ne, da loɓawa a gefe."

"Ai ba na kamfani ba ne, Beryl. Wani maƙeri ya buga shi da guduma. Na samo na asali."

"Madalla da kai. Firam ɗin kuma? Lambar da ke jikinsa nake son gani."

Trevor ya yi murmushin wanda aka zo wurin gwanintarsa. "Ya taɓa karyewa an yi masa walda, abin ba kyan gani. Na sayo wani lafiyayye, na shekarar daidai."

"Tsofaffin kayan suna ina?"

"'Yan gwangwan sun kwashe tun watan Maris."

Beryl ta miƙe, ta kurɓi shayinta, ta dube shi sama da ƙasa. "Wallahi na ga 'yan damfara da yawa suna huda kusoshi, suna loɓa tanki, don a ce babur ɗinsu ya yi tsere. Yau na ga wanda ya samu na gaskiya ya mayar da shi na ƙarya da hannunsa. Babur ɗin tsere ai ɗan faci ne, Trevor. Abin da ya karye a ɗinke, abin da ya yi nauyi a yanke. Kai ka zubar da babur ɗin, ka ajiye madubi."

"Amma komai na kamfani ne! Duba littafin kamfanin..."

"Na yarda. Kai shi layin 'yan ƙyalli can, za su ba ka kofi. Hannuna dai ba zai hau takardar tsere ba."

Kunya ta kama Trevor, haushi ya biyo baya. Ya buɗe baki zai yi musu, sai ya hango matarsa Glenda tana turo tsohon ta cikin ciyawa. An sa masa tsohuwar rigar fatarsa, ta yi masa yawa, sai murna yake yi yana ɗaga wa mutane hannu. Beryl ta kawar da kai.

"Baba, ga shi," in ji Trevor.

Harold ya sa aka matsar da shi kusa. Ya miƙa hannu gefen tanki, yana laluben wurin da gwiwarsa ta loɓa ranar da ya faɗi a kwanar dutse ya tashi ya ƙarasa tseren. Ya shafa, ya sake shafawa. Sumul.

"Mai kyau ne, ɗana," ya ce da ladabi, kamar yana yaba kayan baƙo. "Allah ya ba mai shi sa'a. To tura ni mu je wurin nawa, na yi kewarsa."