Hawa na Sha Biyu

Shekara talatin ina sayar da tayil, na shimfiɗa wa mutane ƙasan gidajen da ko gaisuwa ba a gayyace ni ba bayan an tare. Sai ga shi da furfurata na shiga sahun masu neman gida a sama, cikin dogayen benayen tsakiyar gari, inda hon ɗin mota ba ya hutawa kuma kowa ke tafiya kamar an biyo shi.

Dillalin da ya kai ni ganin gidan wani dogo ne mai ƙamshin turare. Ya buɗe ƙofa ya fara karatu: wurin ninƙaya a saman rufi, ɗakin motsa jiki, lif mai magana.

"Yallaɓai, kana motsa jiki?"

"Ina tashi daga kujera," na ce.

Na durƙusa ina ƙwanƙwasa tayil da makullin mota, don ya ɗauka da gaske ingancin aiki nake dubawa. Biyu sun yi ƙarar kogo. Da a shagona ne da na kori wanda ya yi aikin. A nan kuwa ko a jikina, domin taga na zo saya.

Autata tana aiki a benen da ke tsallaken titi. Tun da mahaifiyarta ta rasu, zumuncinmu ya koma waya: "Baba, ina cikin taro, zan kira ka." Ba ta da laifi, ni na biya kuɗin makarantar da ta koya mata taron. Ta taɓa ce min ofishinta yana hawa na sha biyu. Don haka na tsaya a bakin titi na ƙirga tagogi da yatsa, ɗaya, biyu, har sha biyu, na ce wa dillali gidan da ke saitin wannan layin nake so.

Ranar farko na hangi wata mai shuɗin mayafi a tagar. Na ɗaga hannu. Ta yi jim, sannan ta ɗaga nata. Sau uku ina komawa "ƙara duba famfo", sau uku tana ɗaga min hannu. Dillali ya fara zaton ruwa nake tsoro.

A zuwa na biyar na sa hannu a takarda. Yana fita na kira ta.

"Auta, ashe kin iya riƙe sirri. Kina ganina kullum, ko ki ce uffan."

"Ganinka a ina, Baba?"

"A taga mana. Ga ki nan da shuɗin mayafi."

"Ni baƙi na sa yau. Baba, kana ina?"

Na gaya mata. Mai shuɗin mayafi kuwa tana can tana shan shayi, hannunta babu waya.

"Tsaya. Da ka ƙirga, daga ina ka fara?"

"Daga ƙasa. Daga ina ake farawa?"

"Ai ba a lissafa ƙasa, Baba. Na samansa ne na ɗaya."

Ni mai tayil a ce min ba a lissafa ƙasa! Na buɗe baki zan kare sana'ata, sai ta katse ni da irin muryar mahaifiyarta idan na yi abin da ya fi ƙarfin faɗa.

"Gida ka saya don ka riƙa ɗaga min hannu?"

"Akwai lif mai magana," na ce.

"Ɗaga kanka."

Na ɗaga. Layi ɗaya sama, ga ta da baƙin mayafi, waya a kunne, tafin hannunta manne da gilashi. Daga nan ta yi ƙanƙanta, kamar ranar da na fara barin ta a ƙofar aji.

"Akwai kujera a gidan?"

"Babu komai sai tayil."

"To zan tsallako in an tashi. Kada ka tafi."

Ta bar tagar. Na zauna a kan tayil ɗin nan mai kogo, wuyana a karkace, ina kallon inda hannunta ya taɓa. Saura awa uku a tashi. Mai shuɗin mayafi ta ajiye kofinta ta ɗago min hannu, ni ma na ɗaga mata. Baiwar Allah, wata ƙila ita ma akwai wanda take zaton ni ne.