Keken Inna a Cikin But

Auta mutum ne da ba ya yarda ƙofa ta rufu sai ya sake danna ta. Wannan halin ne ya ja masa ranar da ya ɗauko Inna daga asibiti. Ya naɗe keken da yake tura ta a kai, ya sa a but ɗin motarsa, ya rufe, sannan ya ƙara dannawa da iya ƙarfinsa don hankalinsa ya kwanta. Ashe bakin ɗamarar keken ya faɗa cikin sakata. Da suka iso gida ya murɗa makulli, but ya ce bai san zancen ba. Dole ya goya Inna zuwa ɗaki, tana rufe fuska da mayafi, tana rantsuwa ba za a sake ganinta a bayan mutum kamar jaririya ba.

Tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, abu ɗaya ya rage mata a yini. Bayan la'asar Auta kan turo ta bakin ƙofa, matan da ke dawowa daga kasuwa su tsaya su gaishe ta. In ba su ba, daga ita sai shi sai rediyo, domin yayyensa duk sun yi nisa.

Ya kira bakanike a waya.

"Yallaɓai, yau ko numfashi ban samu na yi ba," in ji bakaniken. "Kwantar da kujerar baya ka shiga ta ciki, ai ba ka ajiye tumbi ba. Ka cire robar da ke jikin marfin, za ka ga sakatar. In wani abu ya maƙale, sa wuƙa ka yanke."

Auta ya kutsa da fitilar waya da sukundireba, ya kwanta a gefen keken, ƙarfe na tokarar haƙarƙarinsa. Ya cire robar, ya ga yadda haƙorin sakatar ya cije ɗamarar. Wuƙa na aljihunsa, amma wannan ɗamarar ce ke riƙe Inna kada ta zame. Ya ƙi yankawa. Ya ɗiga mai, ya tura haƙorin da bakin sukundireba, yana jan ɗamarar kaɗan-kaɗan, gumi na shiga idonsa. Babu mai riƙe masa fitila, sai ya cije wayar da baki.

"Auta!" muryar Inna ta fito ta taga. "Motar ce ta haɗiye ka kai ma?"

"Saura kaɗan, Inna."

Yana daga kwance yana jin takun matan da dariyarsu suna wucewa ta bayan katanga. Bai fizga ba, ya ci gaba da ja a hankali.

Can sakatar ta yi ƙas, marfin ya ɗaga, ɗamarar ta fito lafiya lau. Ya tarar Inna ta sa kwalli, ta gyara ɗaurin kanta. Ya ɗora ta, ya ɗaure ta, ya turo ta bakin ƙofa. Rana ta yi ja, layin babu kowa sai wata akuya da ke lasar bango.

"Sun wuce ko?"

"Sun wuce, Inna."

Ta daɗe tana kallon hanya. Sannan ta ce, "To kai durƙusa ka gaishe ni."

Ya durƙusa a gabanta, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. "Ina wuni, Inna? Ya jiki?"

"Lafiya lau, ɗan nan," ta ce, ta gyara zama. "Ya ka baro mutanen gidanku?"