Katunan Baba a Igiyar Shanya

"Kul! Kar ki sauke rigar nan sai kin faɗi ma'anar!"

Muryar Baba Ƙamus ce ta tsallako katanga, 'yata ta yi turus da kwando a hannu.

Maƙwabcinmu ne, tsohon malamin makaranta. Ni kuwa wankau nake yi. Da yarinyar ta faɗi jarrabawar shiga jami'a bara, shi ya ce kalmomin Turanci ne suka kayar da ita, kuma maganin yana tsakar gidana. Kullum da safe sai ya miƙo kati goma, kowanne da kalmar Turanci ɗaya, in maƙale su jikin kayan mutane a igiya. Ba ta sauke komai sai ta fassara katinsa.

"Baba, ni da na tsaya aji uku, ya zan gane ta faɗi daidai?"

"Juya katin, uwar 'yar jami'a."

A bayan kowanne ya zana hoto. Zanen nasa kuwa, Allah ya jiƙansa, akuya da kujera duk ɗaya.

"Wannan kaza ce?" na tambaye shi.

"Alƙali ne! Ba ki ga hularsa ba?"

Mu yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Tarin nan ne ya kwantar da shi, saura mako biyu jarrabawa. 'Yata ta ce ta fasa, jinyarsa za ta yi, tunda ba shi da kowa kusa.

"Ke likita ce?" ya ce. "Je ki zama tukuna. Jawo kwalin can."

Katuna ne, ɗauri goma-goma da zare, har na ranar jarrabawa. Ashe tuni ya gama nasa aikin.

Talata da hantsi ya cika. Laraba na shanya kati goma. Tana faɗa tana kuka, ina juyawa ina kuka, har muka zo kan wani zane da ya fi ƙarfinmu, muka fashe da dariya.

Ta ci. Yau watanta huɗu a makaranta.

Katin ƙarshe, da ta duba sai ta ce, "Wannan ai tun firamare na san ta, Mama. Maƙwabci."

A bayansa akwai yarinya da kwando, da mace, da wani abu yana leƙowa ta katanga. Har yau ban tabbatar ko shi ne ko akuya ba. Katin yana nan a bakin igiya. In hadari ya taso, shi nake fara saukewa.