Motar da ke Kuka Lokacin Salla

Ranar Litinin Alhaji Maccido, maigarinmu, ya aiko a kira ni. Na iske shi a zaure tare da liman. Bayan gaisuwa bai yi wani kwana-kwana ba.

"Ɗahiru, na ba ka nan da Juma'a. Ko motag ga taka ta yi shiru, ko ka hidda ta garin ga. Mun gaji."

Ni ma na gaji, kuma na fi su gajiya.

Ba don a ce Ɗahiru ya yi mota na saye ta ba. Inna, mahaifiyata, ke fama da ciwon zuciya, ƙafafunta sun kumbura, kuma duk mako biyu sai likita ya gan ta a Sakkwato. Da can a babur muke kai ta bakin titin Goronyo, a ɗaure ta da zane a jikin mai tuƙi, sannan a jira motar haya. Ranar da ta sume mana a hanya na rantse ba za ta sake hawa babur ba. Rani uku ina noman albasa a fadama kafin na samu wannan 'yar Kwatano, tsohuwa ce amma injinta lafiyayye. In aka fitar da ita daga garin, ban san yadda zan yi da Inna ba.

Abin da ya haɗa ni da jama'a kuwa shi ne hon. Shekara biyu da suka wuce, bayan 'yan bindiga sun shiga wani ƙauye gabas da mu, dattawa suka yanke shawara: duk wanda ya hango su, ya hau babur mafi kusa ya danna hon ba ɗagawa. Kowa ya ji, ya yar da abin da ke hannunsa ya nufi cikin gero ko bakin gulbi. Ko yaran garin sun san ba a wasa da hon. Da na kawo motar, maigari da kansa ya ce madalla, ga hon da za a ji har fadama.

Sai ga shi motar ta fara danna wa kanta.

Karon farko muna cikin sallar azahar, mun kai sujadar raka'a ta biyu. Motar na ajiye a gindin dogonyaron ƙofar gidana, taku kaɗan daga masallaci. Muka ji ta ɓarke da kuka, fam, fam, fam, ba tsayawa. Sahu ya watse. Liman, mutumin da ke dogara sanda, ya riga ni fita. Da na isa sai na ga fitilu na ƙyaftawa, gilasai a rufe, ba kowa ciki. Ta yi kukanta ta ƙoshi ta yi shiru. Sai wajen la'asar mata suka fara dawowa daga gonaki, ƙaya a ƙafa, tuwo ya ƙone a kan murhu. Ranar an yi dariya, an yi ta tsokanar liman. Inna ce kaɗai ba ta motsa daga tabarmarta ba. Ta ce in sun zo su iske ta nan, ita ba ta da ƙafar gudu.

Na kai motar Goronyo. Bakanike ya ce batirin rimot ne ya yi sanyi, wato ɗan abin nan da ake dannawa ƙofofi su buɗe daga nesa. Ya sa sabon batir. Na dawo na ce wa maigari an gyara.

Kwana shida ta sake, wannan karon a sallar la'asar. Ba wanda ya yi dariya. Na kai ta Rabah wurin wani da aka yaba mini. Ya ce datti ne ya toshe wani ɗan ƙarfe a bakin bonet, wato murfin inji, motar na zaton ɓarawo ne ke buɗe ta. Ya wanke da fetur, ya hura, ya ce in tafi in yi barcina. Na sake ce wa maigari an gyara.

A lokacin ne magana ta fara yawo. Motar ba ta kuka da hantsi, ba ta kuka in jaki ya goga mata jiki, ba ta kuka in yara sun hau ta, sai an kabbarta salla. To wace irin mota ce ba ta son salla? Wasu suka ce mai ita na farko a cikinta ya mutu. Wasu suka ce aljanu ta kwaso a hanyar Kwatano. Matata Zakiyya ta yi mata hayaƙin habbatussauda ba da sanina ba, na shiga da safe ina ta atishawa. Na yi faɗa, amma gaskiya ni ma in na zo wucewa ta gefenta sai in ji bakina na karanta Ayatul Kursiyyu.

Karo na uku shi ne ya kai ni zauren maigari. Azahar ce. Adama, matar Sa'adu maƙwabcina, tana da ciki wata biyar. Ta ji hon, ta sungumi ƙaramar 'yarta ta ruga, ta faɗa kwalbatin bayan gari. A wannan motar dai na ɗauke ta zuwa asibiti, Sa'adu na baya riƙe da kanta. Cikin bai tsaya ba. A hanyar dawowa Sa'adu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba laihinka ba na, Ɗahiru. Wagga tsinanniyar mota ta. Kai ma cutar ka anka yi." Ni da shi tare aka yi mana kaciya, tare muke ban-ruwa a fadama. Na ji daɗin maganarsa, kuma na yarda da ita.

Ranar Laraba na tafi Wurno. An ce akwai wani Zayyanu bayan tasha, shi ba ruwansa da inji, wayoyin mota kaɗai yake gyarawa. Na iske mutum siriri mai furfura a gemu, ba ya son magana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya shiga ƙarƙashin sitiyari. Ya jijjiga motar, ya buga ƙofofi, ya kulle da rimot ya buɗe da makulli, ya gwada batir. Rana ta take, ni ina zaune a kan tsohuwar taya ina korar ƙuda.

Da ya fito ya share hannu ya ce, "Ban ga komi ba."

"To mi za a yi?"

"Hanya ukku ta. Ko ka tahi Sakkwato a yi ma sabon rimot, a haɗa shi da motar. Ko in cire abin kukan nata in sa ma irin na kasuwa, amma waɗanga ko iska ta kaɗa kuka sukai. Ko in yanke wayar hon ɗin gaba ɗai, kowa shi huta."

"In ka yanke, da mi zan bi hanya? Shanu da babura cike da titi, ga tsohuwa a baya."

"To sabon rimot."

"Shi zai hana ta?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Tunda ban san mi ka sa ta kuka ba, ba ni yi ma rantsuwa."

Na ji kamar in bar masa motar in tafi gida a ƙafa. Mutum uku, gari uku, kowa da nasa zance, ga Juma'a saura kwana biyu. Aka kira azahar. Na karɓi rimot ɗin daga hannunsa na jefa a aljihun wando, na yi alwala, na hau buhun da ya shimfiɗa a gefen rumfa. Shi yana can yana wanke baƙin mai da omo, bai kai ga alwala ba tukuna.

Ina kai goshi ƙasa motar ta ɓarke.

A Wurno ba wanda ya gudu. Mai shayi ya leƙo, ya koma. Na daure na ƙarasa sallar, har motar ta yi shiru don kanta. Da na sallame na ga Zayyanu tsaye a kaina, kumfa a hannu, ba motar yake kallo ba, ni yake kallo.

"Ina rimot ɗin?"

"Ga shi aljihu."

"Mi da mi ag ciki?"

Na zazzage. Rimot, goro biyu, da asuwaki.

"Maida su yadda suke. Duƙa awa za ka yi sujada."

Na duƙa. Tumbina ya danne cinya, cinya ta danne aljihu, na ji goron ya tokare wani abu. Motar ta amsa.

Zayyanu ya karɓi rimot ɗin ya juya bayansa. Akwai wani ɗan botin, abin dannawa, a can ƙasa, ya koɗe har ya saje da robar. Ni duk zatona wurin ƙusa ne. Ya ce da can ja ne, da rubutu a kai. Masu ƙera motar sun yi shi don in mutum ya ga ɓarawo ya danne shi ya riƙe, mota ta yi ihu. Taɓawa kaɗai ba ta tashe shi, sai an danne an ɗan jima, gwargwadon tasbihi uku. Ba kullum ba kuma, sai ranar da goro ya faɗa daidai kansa. Sabon batirin da aka sa a Goronyo ma ƙara masa nisan zango ya yi.

Na zauna a kan buhun. Fuskar Adama kawai nake gani a madubin mota, ranar da muke hanyar asibiti.

Zayyanu ya buɗe rimot ɗin da tsinin wuƙa, ya ciro botin ya miƙo mini a tafin hannu. Bai kai ƙwayar wake ba.

"Shi ke nan, ba ta ƙarawa. Ka ce musu waya ta ta saɓule, na ɗaure. Ba mai ji daga bakina."

Duk hanyar gida ina juya wannan shawara, kuma wallahi na so in bi ta. Amma sau biyu na ce an gyara. In na faɗa na uku, ko ni ne maigari ba zan yarda ba. Mutane sun riga sun tsaya a kan aljanu, kuma bakanike ba ya fitar da aljani. Ƙarya za ta rufa mini asiri, amma motar za ta bar garin. Da na shiga gida na tarar da Inna na jan numfashi da ƙyar, Zakiyya na mata fifita. Ranar Talata ce ranar likitanta.

Alhamis da hantsi na je wurin maigari na gaya masa komai. Da na gama ya sa sanƙira, mai shela, ya zaga gari: bayan la'asar za a ji hon, kada kowa ya gudu, gwaji ne.

Maza suka taru a ƙofar zaure. Na maida botin mazauninsa, na sa rimot da goro a aljihu, na duƙa a gaban kowa, ni da gemuna da 'ya'ya shida. Sau biyu ba ta yi ba, har an fara gunaguni. A na uku ta ɓarke. Na miƙe, na ciro botin, na ba liman a hannunsa.

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. "Ashe aljanin tumbi na!" in ji wani. Dariyar ba ta yi nisa ba, don an tuna wanda ke tsaye a wurin. Sa'adu na jingine da bango, hannuwansa a baya.

Maigari ya yi gyaran murya. "To, kun gani da idonku. Mota ba ta da laihi, ta zauna. Ɗahiru kau bai yi da gangan ba. Ƙaddara ta. Sa'adu, sai haƙuri."

"Na ji, ranka shi daɗe," in ji Sa'adu.

Na matsa kusa da shi. Na shirya magana tun daga Wurno, amma duk ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ka yahe min."

Ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Na yahe, Ɗahiru. Allah na yahe muna." Sannan ya ce, "Da ka bar ni da motar. Ita ina iya zagin ta."

Ya juya ya shiga gida.

Ranar Juma'a na bar rimot a rataye jikin ƙusa a ɗaki, ko da yake ba abin da zai ƙara yi. Na shiga masallaci da wuri na zauna a sahu na biyu. Can sai ga Sa'adu. Akwai fili a damana, daidai mutum ɗaya. Ya tsaya ya dube shi, ya yi mini sallama a hankali, na amsa. Sannan ya ratsa ta bayana ya tafi can ƙarshen sahu, jikin bango, ya zauna.

Aka tada salla. Muka yi sujada huɗu, garin tsit, ba abin da ake ji sai kukan kurciya a kan dogonyaro. Filin da ke damana wani baƙo ne daga Marnona ya cike shi.