Gwiwar Hagu ta Malam Mak

Mahaifina, Malam Mak Ting-sau, shi ke da makarantar kungfu da ke bayan kasuwar kifi a Foshan, a kudancin ƙasar Sin. Salon kudu yake koyarwa: ka kafe ƙafa, ka yi ƙasa-ƙasa, ka matse abokin karawa hannu ya yi aiki. Shekarar da ambaliya ta cinye gonakin arewa, wani dogon mutum, Geng Baolin, ya iso ƙofarmu daga Cangzhou da yagaggen takalmi. Baba ya ba shi ɗaki.

Geng ɗan salon arewa ne, gwanin tsalle da shuri, tun daga nesa ƙafarsa ke riskar mutum. In sun gama motsa jikin safe sai su zauna shan shayi suna tsokanar juna.

"Yaya, wannan tsugunon naku na mutanen kudu fa? Sai ka ce mai ciwon ciki," in ji Geng.

Baba ya ce, "Kai da ka ishe mu da tsalle kamar fara? A sa ka cikin kwalekwale mu gani in ba ka sha ruwa ba."

Har rantsuwar 'yan'uwantaka suka yi a gaban allon da ke ɗauke da sunayen kakanninmu. Baffa nake ce masa, ni nake murza masa taliya don shinkafa ba ta riƙe shi. Ban da ni, shi kaɗai ya san gwiwar hagun Baba ta lalace tun yana saurayi. Shi ke shafa masa magani a ɗaki, ƙofa a rufe, kada ɗalibai su gani.

Da sabuwar shekara, fataken siliki suka gayyace su su nuna wa jama'a bambancin salon biyu. Wasa ne kawai, kowane motsi sun tsara shi tare a tsakar gidanmu. Ashe malami fataken suke nema wa masu gadin kayansu, Geng kuma ya sani, mu ba mu sani ba.

Bayan an gama rawar zaki ta bikin suka shiga fili. Da farko komai ya tafi yadda aka tsara. Da aka zo inda Geng zai kai shuri sama Baba ya tare, sai Geng ya zube ƙasa ya juya, ya kai dunduniya daidai gwiwar hagu. Duk da ganguna na ji ƙarar. Baba ya faɗi, jama'a suka ɗau tafi. Geng ya rusuna wa fataken, bai waiwayo ba.

Bayan kwana biyu ya zo da kwandon lemo, cikin sabuwar riga. Baba na kwance an ɗaure masa ƙafa da kara.

"Yaya, ƙafata ce ta zame."

"Ban taɓa ganin ƙafarka ta zame ba, Baolin."

Geng ya sunkuyar da kai. "Matata da yara suna can arewa, ganye suke ci."

"To me ya hana ka gaya mini? Ai da na faɗi da kaina, ba sai ka karya ni ba."

Na miƙa wa Geng kwandonsa a bakin ƙofa, ban ce masa Baffa ba.

Kafin damina ɗalibanmu sun watse, yawancinsu wajen Geng suka koma. Muka rufe makaranta muka tafi Shunde, ƙauyen mahaifiyata, Baba ya kama kiwon kifi. Da sanda ya yi tafiya har ya rasu. In wani ya tambaye shi me ya sami ƙafar, sai ya ce ai tsufa ne, ya ci gaba da watsa wa kifi ciyawa.