Kunun da Na Kai wa Baban Arinze

"Shigo, Mama Kubura, ba faɗa muke ba," in ji Gladys, alhali tun daga zaure nake jiyo muryarta da ta ƙanen mijinta, suna ta yi da yarensu.

Mijin nata, Anselm mai shagon kayan babur, wanda muke kira Baban Arinze, shekara ashirin da biyu muna katanga ɗaya a Daura. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ƙanensa Onyedikachi ya zo dubiya daga Mashi. Ashe cocinsu ba ɗaya ba ne. A nasa, wai Allah ya zaɓi masu tsira tun kafin a yi duniya. A na Gladys kuwa ƙofa a buɗe take, mutum ke zaɓar shiga. Ni a lokacin ban san a kan wannan suke gardama ba, na ɗauka maganar komawa asibiti suke.

Na ajiye kwanon kunun gyaɗa kusa da tabarmar Anselm.

"Baban Arinze, ya jiki?"

"Mama, tsoro nake ji."

Ku ji bakina. Sai na yi masa irin maganar da muke wa kowane majinyaci. "Haba, tsoron me? Ai komai an riga an rubuta, ba mai gogewa."

Ya dube ni. "Har ke ma? To in ba sunana a ciki fa?"

Onyedikachi ya sunkuyar da kai. Anselm ya juya ya fuskanci bango.

Gladys ta biyo ni zaure. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. "Kwana huɗu ina lallashinsa, ina ce masa ya roƙa za a karɓe shi. Da safen nan ya yarda muka yi addu'a tare. Mama, ke yake jin maganarki."

Washegari na koma, na shirya abin faɗa tun daga gida: mutumin da bai taɓa sayar wa ɗan acaɓa jabun kaya ba, Mai rahama ya san da shi. Na tarar ya daina magana. Ranar Laraba ya cika.

Da za su tafi da gawar garinsu, Gladys ta shigo ta miƙo min kwanona, a wanke, an kife murfin. Na buɗe baki zan ce ta yi haƙuri, haka Allah ya nufa, sai na haɗiye.

Kwanon yana saman kabad. Ban sake dama kunu a ciki ba.